Hodar iblis a Saudiyya: wa ake kashewa, wa ake ɗaurewa, wa ake kora gida?

Shin duk wanda aka kama da hodar iblis a Saudiyya kashe shi ake yi? Tambayar takan taso duk ranar da Ma'aikatar Cikin Gida ta sanar da zartar da hukuncin kisa a kan wani baƙo, ko aka wayi gari da labarin an tsare wani ɗan Umra a filin jirgin Jidda. Nan da nan zaurukan WhatsApp na mutanenmu a Makka da Jidda da Madina su cika da fatawa. Wasu su ce ko ɗan abin da za a laƙata da yatsa aka samu a aljihunka, takobi ne. Samari kuma su ce ƙarya ne, in dai ta sha ce, 'yan watanni za ka yi a sallame ka, ka dawo ka ci gaba da harkokinka kamar ba a yi ba.

Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Dokar ƙasar nan ta Saudiyya ta tanadi hukunci tun daga wata shida har zuwa kisa a kan hoda guda, kuma nauyinta a sikeli ba shi kaɗai ke raba wannan da wancan ba. Alƙali abu biyu yake nema: don me take hannunka, kuma ta wace hanya ta iso? Ga Bahaushe, wanda zamansa a nan ba ya rabuwa da jirgi da jaka da saƙon 'yan'uwa, tambaya ta biyu ce ta fi hatsari.

Dokar da ake shari'a da ita

Maganar ta samo asali ne a 1987, wato 1407 bayan Hijira, lokacin da Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da matsayarta mai lamba 138, wadda ta ce hukuncin mai fasa-ƙwaurin miyagun ƙwayoyi kisa ne, saboda girman ɓarnar da yake jawo wa al'umma. Hukuma ta amince, aka fara aiki da ita a zamanin Sarki Fahad. A 2005 aka tattara komai cikin doka guda mai sassa daki-daki, wadda ta fito da umarnin sarki mai lamba M/39 na shekarar 1426. Da ita kotuna ke hukunci.

Masu kamu a cikin gari su ne jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, waɗanda kowa ya sani da Mukafaha. A filin jirgi da tashar ruwa kuma jami'an kwastam ne ke fara cin karo da kaya, su miƙa wa Mukafaha. Daga nan fayil ya tafi Niyaba, ofishin masu gabatar da ƙara, su ne ke tsara tuhuma su zaɓi sashen dokar da za a gurfanar da mutum a ƙarƙashinsa. A wannan zaɓi rabin shari'ar take ƙarewa.

Ita koken, wato hodar iblis, ba a noma ta a nan, ba a noma ta a Afirka. Daga ganyen koka ake sarrafa ta a Kolombiya da Peru da Bolibiya, ta biyo ta Brazil ta tsallako teku zuwa Afirka ta Yamma. A Janairun 2022 jami'an Nijar sun kama fiye da kilo 200 a motar wani magajin gari a jihar Agadas, a Satumbar wannan shekara kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ta gano tan 1.8 a wani gida a Ikorodu ta Legas. Yankinmu ya zama zango, kuma jiragen Kano da Legas da Yamai zuwa Jidda da Madina ba sa rabuwa da fasinja. Jami'an Saudiyya sun san wannan taswira sarai, shi ya sa suke tsayawa a kan jakunkunanmu fiye da yadda muke so.

Hoda guda, matakai huɗu

Mataki na ƙasa shi ne na mai sha. Sashe na 41 ya ce wanda ya mallaki ƙwaya don amfanin kansa za a ɗaure shi daga wata shida zuwa shekara biyu. Ana tsananta masa idan ma'aikacin yaƙi da ƙwayoyi ne, ko kuwa a bakin aikinsa aka same shi a buge. Wannan sashe ne samari suka ji labarinsa suka riƙe. Abin da ba su riƙe ba shi ne, ba wanda aka kama ne ke yanke cewa ta sha ce ba. Mai bincike zai duba yawanta, da yadda aka ƙulla ta, ko dunƙule guda ce ko an rarraba ta ƙananan ƙulle-ƙulle, ko akwai ɗan sikeli a ɗakin, ko akwai kuɗin da ba su yi daidai da sana'ar mutum ba, sannan ya bi saƙonnin wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Saƙo guda da ke cewa "akwai kaya?" yana iya ɗaga mutum daga wannan mataki zuwa na sama.

Na biyu shi ne wanda mutane suka fi jahilta, kuma a ganina shi ne tarkon mutanen kirki. Sashe na 39 yana magana a kan wanda ya riƙe ƙwaya, ko ya ɗauke ta daga wuri zuwa wuri, ko ya karɓa ko ya miƙa, alhali ba sha yake yi ba, ba sayarwa yake yi ba. Ajiya ce kawai. Abokin zamanka a ɗaki ya ce, "Ɗan'uwa, riƙe min wannan zuwa jibi," ka san abin da ke ciki, ka ji nauyin ƙin karɓa, ka cusa a ƙarƙashin katifa. Hukuncinsa shekara biyu zuwa biyar, da tarar riyal 3,000 zuwa 30,000. A lura da kyau: mai ajiyar da bai taɓa shaƙa ba ya fi mai shan shan ɗauri.

Na uku shi ne dillanci, abin da takardun kotu ke kira tarwiji. Sashe na 38 ya sa masa shekara biyar zuwa 15, da tarar riyal 1,000 zuwa 50,000. Dokar ta fito fili ta ce ko da kuɗi ko ba kuɗi, saboda haka wanda ya ba abokinsa kyauta a wurin biki ya shiga ciki. A nan ne kuma koken ta bambanta da wiwi ko ƙwayar kaftagon, domin sashen ya kira sunanta tare da hiroyin cikin abubuwan da ake tsananta hukunci a kansu. Haka ake tsanantawa idan a masallaci aka yi laifin, ko a makaranta, ko a gidan yari, ko aka yi amfani da ƙaramin yaro.

Na huɗu shi ne sashe na 37, inda kisa yake. Ya ƙunshi wanda ya yi fasa-ƙwaurin ƙwaya zuwa cikin ƙasa, da wanda ya karɓa daga hannun mai fasa-ƙwauri, da wanda ya shigo da ita ko ya sarrafa ta da nufin yaɗawa, da wanda aka haɗa baki da shi a kan ɗaya daga cikin waɗannan. Ya kuma haɗa da dillalin da aka taɓa yanke wa hukuncin dillanci ya sake komawa. Sashen bai ɗaure hannun alƙali gaba ɗaya ba: kotu tana da ikon sauko da hukuncin zuwa ɗaurin da bai gaza shekara 15 ba, da tarar da ba ta gaza riyal 100,000 ba. Idan kuwa mutum ɗan ƙungiyar fasa-ƙwauri ne, ko ma'aikacin gwamnati ne, ko ya yi amfani da makami, kuma ba a yanke masa kisa ba, ɗaurin ba zai gaza shekara 25 ba.

Wanda ya karanta dokar zai ga bulala a yawancin waɗannan sassa. Tun Afrilun 2020 Kotun Ƙoli ta umarci a daina bulala a hukunce-hukuncen ta'aziri, wato waɗanda hukuma ta tsara, a maye gurbinta da tara ko ɗauri.

Me ya sa ba a maganar diyya

Duk sanda aka yanke wa ɗanmu hukuncin kisa, za ka ji dangi a gida sun fara maganar a kafa asusu, a nemi attajirai, a tara kuɗin fansa. Sun saba jin labarin an biya diyya an kuɓutar da wani, sai su ɗauka duk hukuncin kisa iri ɗaya ne. Diyya tana aiki ne a ƙisasi, inda akwai magadan mamaci da ke da haƙƙin su yafe ko su karɓi dukiya. Kisan mai fasa-ƙwaurin ƙwaya kuwa ta'aziri ne, wato hukuncin da shugaba ya tsara don kare jama'a, kuma haka sanarwar hukuma take rubutawa kowane lokaci. Babu wani gida da za a je a durƙusa a roƙa, babu magajin da zai sa hannu ya ce ya yafe. Duk wanda ya zo wa iyalan ɗan kurkuku da cewa ya san hanyar da za a biya a sake shi, to kuɗinsu yake hari. Mutanen da ke cikin tashin hankali su ne suka fi sauƙin damfara, kuma akan sayar da gona da gida a irin wannan.

Dakatawa, da dawowa

Akwai lokacin da aka yi zaton an bar wannan hukunci. Daga farkon 2020 ba a sake kashe kowa a kan ƙwaya ba, kuma a Janairun 2021 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Saudiyya ta bayyana cewa an dakatar. Sai dai ba a taɓa goge sashe na 37 daga doka ba, kotuna kuma ba su daina yanke hukunci da shi ba. Ranar 10 ga Nuwambar 2022 aka koma zartarwa, kuma cikin mako biyu na farko akwai 'yan Najeriya a cikin waɗanda aka kashe, tare da 'yan Pakistan da Siriya da Jodan da 'yan ƙasa.

Daga nan adadin ya yi ta hawa. Ƙungiyar Amnesty International ta ƙidaya mutum 345 da aka zartar wa hukuncin kisa a 2024, 122 daga cikinsu a kan ƙwaya. A rahoton da ta fitar a Yulin 2025 ta ce daga Janairun 2014 zuwa Yunin 2025 an kashe mutum 1,816, daga ciki 597 a kan laifin ƙwaya, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan baƙi ne, ciki har da 'yan Najeriya 32. Mace ba ta tsira don tana mace: a farkon Afrilun 2019 an zartar wa wata 'yar Najeriya hukuncin a yankin Makka, abin da ya sa Abike Dabiri-Erewa, wadda a lokacin take ba shugaban ƙasa shawara kan 'yan Najeriya mazauna ƙetare, ta fito ta ce akwai wasu kusan 20 da ke jiran irin wannan ƙarshe.

"Wallahi ban san abin da ke ciki ba"

Masu ɗauko koken zuwa ƙasar nan ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin adalci ne a haɗa su a kwando guda.

Akwai wanda ya sani. An biya masa kujerar Umra ko ta Hajji, an yi masa alkawarin kuɗi idan ya sauka lafiya, ya haɗiye ƙulle-ƙullen hoda a wani ɗakin otal kafin tashi. NDLEA ta sha kama irinsu a Legas da Kano a lokacin jigilar alhazai. Wannan idan na'urar ɗaukar hoton ciki ta nuna shi a Jidda, ba shi da bakin cewa bai sani ba, kuma ba alƙalin da zai yarda cewa abin da ke cikin hanjinsa na amfanin kansa ne. Wani ma ba ya kai wa gaban alƙali, ƙulli ɗaya ya fashe a cikinsa shi ke nan.

Akwai kuma wanda kunya ta ci. Kowa ya san yadda abin yake a layin awon kaya. Dattijuwa ce ta zo da jaka ɗaya da ba ta cika ba, sai ga wani saurayi fes da shi, ya rusuna ya gaishe ta.

"Hajiya, barka da asuba. Na ga kilonki da saura. Don Allah ɗan saƙo ne zuwa ga yayata a Sharar Mansur, kuka ce da kuɓewa da ɗan yaji. Za ta zo har masauki ta karɓa."

"To ɗan nan, kawo. Allah ya ba mu ladan zumunci."

An naɗe ƙunshin da leda baƙa, an zagaye shi da salatif har ba inda farce zai shiga. Ba za ta buɗe ba, domin a tarbiyyarmu buɗe saƙon mutum rashin mutunci ne. Sau ɗari ana yin haka kuka ce da kuɓewa da gaske, kuma da wannan taimakekeniya mutanenmu suke samun daddawa da kilishi a Hijaz shekara da shekaru. Masu fataucin hoda sun san da haka, a kansa suka gina sana'arsu.

Na uku shi ne wanda ko saƙon bai karɓa ba. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a masaukinta a Madina, bayan an samu ƙwayar taramol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka liƙa wa jakar da ba tata ba lambar kayanta. Sai a ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu, kuma bayan gwamnatin Najeriya ta sa baki tun daga sama. A Agustan 2025 aka maimaita: mutum uku da suka je Umra aka tsare su a Jidda kan jakunkunan da aka yi wa rajista da sunayensu a Kano ba da saninsu ba, aka sake su bayan makonni, da NDLEA ta kama waɗanda ake zargi da shirya abin ta kai wa takwararta ta Saudiyya hujjoji. Ba koken ce kaɗai ake turowa ta wannan hanya ba, amma hanyar ɗaya ce.

Abin da waɗannan shari'o'i suka nuna shi ne, rashin sani hujja ce da ake karɓa, domin laifin yana bukatar a tabbatar mutum ya san abin da yake ɗauke da shi. Amma rantsuwa kaɗai ba ta fitar da kowa. Wanda ya haɗiye da wanda aka liƙa wa, duk "wallahi ban sani ba" suke cewa, kuma jami'in da ke gabansu ya ji wannan magana har ta gundure shi. Waɗanda suka fita sun fita ne da takarda: hoton kyamarar filin jirgi, rajistar yawan jakunkuna, da ikirarin waɗanda aka kama a gida. Saboda haka ɗan guntun lambar kaya da ake manna wa matafiyi a bayan tikitinsa ba shara ba ce. Wanda ya auna jaka biyu ya ga an manna masa lamba uku, a nan take ya kamata ya tsaya ya yi magana, kafin ya hau jirgi.

Mu mazauna kuma namu hatsarin yana wajen karɓa. Yaro ne ke zaune ba aiki a unguwar Hindawiyya ko Misfala a Makka, wani ya kira shi ya ce, "Je ka otal kaza ka karɓo min jaka wurin wani alhaji, ga na mota, ga na shayi." Sanarwar kwastam ta saba ƙarewa da cewa bayan an gano kayan, an haɗa kai da Mukafaha an kama masu jiran karɓarsu a cikin ƙasa. Wato akan bar kaya su ci gaba da tafiya don a ga hannun da zai miƙo. Karɓa daga mai fasa-ƙwauri kuwa, kamar yadda aka gani, tana cikin sashe na 37, layi ɗaya da shigowa da kayan.

Wani abin lura a gefe: magungunan asibiti irin su taramol da kodin da Lyrica suna cikin jerin da ake sa wa ido. Mai ciwon da likita ya rubuta masa su ya taho da takardar likitan da rahoton asibiti, kuma ya bar su a kwalinsu na asali.

Daga kamu zuwa hukunci

Dokar shari'ar laifuka ta ba masu bincike damar tsare mutum kwana biyar, a yi ta sabuntawa har zuwa kwana 180 kafin a kai shi kotu ko a sake shi. A cikin waɗannan kwanaki ake rubuta bayanin da zai bi shi har ƙarshen shari'a, kuma a nan mutanenmu suka fi cutar da kansu. Da yawa suna jin Larabcin kasuwa, suna iya ciniki da direban tasi, sai su ɗauka sun iya. Larabcin takardar Niyaba wani abu ne daban. Mutum ya gaji, ya tsorata, an karanta masa shafi uku da sauri, an turo masa tawada, ya dangwala yatsa don a ƙyale shi ya huta. Bayan watanni ya ji a kotu cewa ya amsa ya san abin da ke cikin jakar. Janye irin wannan ikirari abu ne mai wuyar gaske.

Doka ta ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta idan ba ya jin Larabci, da haƙƙin ɗaukar lauya, kuma a manyan laifuka wanda ba shi da hali yana iya roƙon kotu ta naɗa masa lauya a kan kuɗin gwamnati. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba baƙo haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa idan ya nema. Najeriya da Nijar duk suna da ƙaramin ofishin jakadanci a Jidda da babba a Riyad. Jakada ba ya iya buɗe ƙofar kurkuku, amma shi ne hanyar da hujjar da ke gida za ta iso teburin mai bincike.

Shari'ar da ake neman kisa a cikinta alƙalai uku ne ke zama a kotun farko. Daga nan ta wuce kotun ɗaukaka ƙara gaban alƙalai biyar, ko mutum ya nema ko bai nema ba, sannan Kotun Ƙoli, sannan sai umarnin sarki ya fito kafin a zartar. Wa'adin ɗaukaka ƙara kwana 30 ne. Tsakanin kamu da ƙarshe akan ɗauki shekaru.

Masu goyon baya da masu suka

Hujjar hukuma ba ɓoyayyiya ba ce. Saudiyya na cikin manyan kasuwannin kaftagon a duniya. A Afrilun 2021 an gano fiye da ƙwaya miliyan biyar a cikin rumman da aka shigo da shi tashar ruwan Jidda, har aka hana shigo da kayan gona daga Lebanon. A Agustan 2022 an kama kusan miliyan 47 a Riyad a cikin kayan fulawa. Duk wanda ya ga yadda ƙwayar shabu ke haukata yara a unguwanni ya san ba wasa ake yi ba, kuma iyaye da dama a cikinmu, waɗanda suka rasa 'ya'ya ta wannan hanya, suna ganin hukuncin ya yi daidai. Najeriya ma ta taɓa bin wannan layi: a Afrilun 1985 gwamnatin soja ta harbe mutum uku a Legas kan laifin ƙwaya, kuma a Mayun 2024 Majalisar Dattawa ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan dawo da kisa ga masu fatauci.

Masu suka, irin su ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da Amnesty, suna cewa a dokokin duniya kisa na mafi munin laifuka ne, waɗanda suka shafi kashe rai da gangan, kuma laifin ƙwaya bai kai nan ba. Suna kuma kawo ƙorafin fursunonin da suka ce ba su samu tafinta ko lauya ba, ko an tilasta musu ikirari, da iyalan da suka ce a kafofin labarai suka ji an kashe ɗansu, gawa ma ba su gani ba.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne su wane ne ke cikin jerin. Direbobi ne, da masunta, da leburori, da zawarawa, mutanen da bashi ko talauci ya kai su ga karɓar abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin kayan. Mai kayan yana zaune a Legas ko Kano ko Sao Paulo, kuma tun kafin jirgi ya tashi ya riga ya lissafa cewa wasu daga cikin 'yan aikensa ba za su dawo ba. Yarjejeniyar musayar bayanai da NDLEA ta sa wa hannu da hukumar Saudiyya a 2025 za ta yi amfani ne gwargwadon yadda ta kai ga irin waɗannan.

Ƙofofin da doka ta bari a buɗe

Sashe na 42 ya ce ba za a gurfanar da mai sha ba idan shi da kansa, ko iyayensa, ko 'ya'yansa, ko matarsa ko mijinta, ko wani ɗan'uwa ya kai shi neman magani, da sharaɗin ya miƙa abin da ke hannunsa ko ya nuna inda yake. Asibitocin Irada, waɗanda a da ake kira Amal, don wannan aka gina su. Sashen ya kuma ba da damar rufe fayil a karon farko ga mai shan da bai wuce shekara 20 ba, idan babu wani babban laifi a tare. Iyaye da yawa suna ɓoye ɗansu don gudun abin kunya har sai Mukafaha ta ƙwanƙwasa ƙofa, alhali a lokacin wannan dama ta wuce. Gidan da ba shi da igama, wato takardar izinin zama, kuwa tsoronsa biyu ne, kuma shi ya sa matsalar ta fi daɗewa a rufe a irin waɗannan gidaje.

Sashe na 61 kuma ya yafe wa wanda ya riga hukuma, ya kai rahoto kafin ta san da laifin, in dai ba shi ne ya kitsa ba. Idan bayan ta sani ne ya yi magana, sai bayaninsa ya kai ga kama sauran. Lambar Mukafaha 995 ce, ta kwastam kuma 1910.

Bayan an gama zaman gidan yari

A nan ne lissafin samarin nan na "'yan watanni ne" yake rushewa. Sashe na 56 ya raba mutane biyu. Ɗan ƙasa, ciki har da dangoginmu Hausawi da Fallata da Barnawi da suka daɗe da samun takardar zama 'yan Saudiyya, ana hana shi fita waje na tsawon lokacin da ya yi a ɗaure, kuma hanin ba ya gaza shekara biyu. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa ana fitar da shi daga ƙasar da zarar ya gama, ba kuma zai dawo ba sai abin da ƙa'idojin Hajji da Umra suka yarda. Dokar ba ta ware wanda aka haifa a nan ba. Saurayin da aka haifa a Makka, kakansa ma a nan aka binne shi, Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, bai taɓa ganin Kano ko Damagaram ba, wata shida a kan ɗan ƙulli ya isa a ɗauki hoton yatsunsa, a wuce da shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, a sa shi a jirgi. Uwa da mata da 'ya'ya suna nan, shi yana can, ba sana'a, ba wanda ya sani sai sunan wani kawu a takarda.

Ɗan Najeriya kuma saukarsa gida ba lallai ta zama ƙarshen magana ba. Tun dokar soja mai lamba 33 ta 1990, wadda yanzu take sashe na 22 na dokar NDLEA, duk ɗan ƙasar da aka samu da laifin shigar da miyagun ƙwayoyi wata ƙasa ana iya sake gurfanar da shi a Najeriya kan zubar da mutuncin ƙasa. Hukuncinsa ɗaurin shekara biyar ba zaɓin tara, tare da ƙwace dukiyarsa.